Keken da Muka Ɗauke wa Kawu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar wata Talata bayan la'asar, yana zaune a kujerar roba a bakin tagar ɗakinsa na unguwar Satwa a Dubai. Mutumin da muka yi shekaru muna fargabar wata rana za a kira mu a ce ya faɗa kwazazzabo da keke, ga shi ya tafi da silifas a ƙafarsa, shayinsa ko hucewa bai gama yi ba.

Yayan mahaifiyata ne. Shi ya tarye ni a Dubai ranar da na fara zuwa saro kaya, ban san gabas ba ban san yamma ba, kuma tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka koma Kano, ni ce danginsa na kusa a garin nan. Saboda haka ni aka zo yi wa gaisuwa.

Takalma sun cika matakala tun daga hawa na biyu har ƙofar titi. Telan Pakistan da ke ƙasan benen ya rufe shagonsa, abin da ko ranar Sallah ba ya yi. 'Yan kasuwarmu na Murshid suka zo ayari-ayari, kowa da "Ya haƙuri, Hajiya." Wani Alhaji mai saro tangaran ya zauna yana girgiza kai, yana cewa tun da Kawu ya fara ɗaure masa kaya ko kofi ɗaya bai taɓa fashewa a teku ba. Sai ga masu kai saƙo a keke, 'yan Bangladesh, waɗanda Kawu yake gyara wa birki kyauta a bakin titi. Ba mu jin yaren juna. Suka jeru a bakin ƙofa, kowa ya dafa ƙirjinsa, suka juya.

A ɗakin mata ne wata Hajiya ta kama hannuna ta ce, "Ke kam kin yi jihadi. Ba don kin raba shi da keken nan ba, da yanzu a kan dutse za a tsinto shi. Ga shi ya cika a ɗakinsa cikin mutunci."

Yabo ta yi mini, Allah ya sani. Amma wallahi da mari ta kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Maganar keken ba asiri ba ce, duk Murshid an sani. Kawu kaɗai muka rufe.

Mutum ɗaya ne bai hau bene ba. Baban Zango muke kiransa, mutumin Kumasi, mai gadi a wani gini, abokin hawan keken Kawu na shekara da shekaru. Ya zauna a ƙarƙashin matakala inda ake ɗaure keken, hular kwanonsa a kan gwiwa. Yankakkiyar sarƙar da ake ɗaure shi da ita tana nan rataye a jikin ƙarfe. Na sauko na kai masa shayi, ya karɓa ya ajiye a ƙasa.

"Ya haƙuri, ɗiyata," ya ce, bai ɗago ya dube ni ba.

Kawu ɗan mai facin keke ne a Fagge. Ya ce tun yana saurayi idan aka kawo gyara, sai ya ce bari ya gwada birki, mai keke ya yi ta jira har azahar. Da ya samu nasa, sai da ya taka har tsaunukan Jos, daga baya har Mambila, babu wanda ya aike shi. A Dubai kuwa ɗaure kaya ne aikinsa. Duk yaron da ka gani yana shirya kwantena da hankali a unguwar kasuwanci ta Deira, ko Kawu ne ya koya masa, ko wanda Kawu ya koya wa. A cikin tsofaffin kekunan da ake turawa gida ne ya tsinci wani baƙi mai nauyi da kowa ya ƙi, ya gyara shi, ya sa masa suna Dattijo. "Mu biyu dattawa ne," in ji shi, "ba ma sauri, ba ma fasawa."

Yadda yake shirya keke don teku, sai ka ɗauka amarya za a kai. Ya cire feda ya ɗaure su a ƙarƙashin sirdi. Ya juya kan keken ya daidaita da jiki. Ya rage iskar taya, don zafin cikin kwantena kan fasa ta. Ya shafe sarƙar keken da giris, ya naɗe ta da tsumma saboda tsatsar gishiri. Ba ya taɓa salatif, da yankin tsohuwar robar taya yake ɗauri, ya ƙare da wani ƙulli nasa mai kunne ɗaya. Ko guguwa aka yi ba ya motsi, amma wanda zai sauke kaya ja ɗaya zai yi ya warware.

A kan wannan muka yi faɗanmu mafi zafi. Ina sauri jirgin ruwa zai tashi, na sa yara suka nannaɗe mini kekunan yara da salatif aka cusa. Kawu ya zo ya gani, ya sa aka sauke duka.

Na ce, "Haba Kawu! Kayana ne ko naka?"

Ya ce, "Naki ne har bakin ƙofar kwantena. Daga nan amanar mai ɗauri ce. Kaya ba shi da baki a cikin teku."

Na yi ta masifa, ni dama bakina ba ya da linzami. Na ce tsufa ne ya sa shi naci. Ya tsuguna yana warware salatif ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ya tafi ya bar kayana, na yi sati ban gaishe shi ba. Shi ya zo har shagona da kofin shayin karak a hannu, ya ce, "Sarauniyar fushi, an huce ko a ƙara kwana?"

Da zarar zafi ya sauka a ƙarshen shekara, sai ya fara wanke Dattijo. Shi da Baban Zango za su ɗaura tabarma, bargo, ƙaramin risho, garin kwaki, dabino da jarkokin ruwa, su kama hanyar Hatta. Daga nan su shiga duwatsu su ɓulla bakin tekun gabas, su bi ta Masafi da Dibba, su nufi Ras Al Khaimah. Sai sun shafe fiye da sati ba a gan su ba.

Ni na ga yadda yake dawowa, ba labari aka ba ni ba. Leɓe a fashe har da jini. Riga ta yi fari fat da gishirin zufa, ta sandare. Yatsunsa a ƙage saboda matse birki a gangara, sai ya kwana biyu ba ya iya riƙe cokali. Zaman tahiya kuwa a karkace yake yi, don sirdi ya gama da mazauninsa. Na ce, "Kawu, wai wa ya yi maka baki ne? Mutane na neman hutu, kai kana neman wahala da kuɗinka."

Sai ya yi dariya ya miƙo mini kwalbar zumar magarya da yake sayo mini a ƙauyukan dutse saboda tarina. Bai taɓa dawowa babu ita ba, duk nauyinta a hawa.

Idan ya zauna ba da labari, ba ya ƙawata abin. Ya ce akwai hawan da za ka taka feda da dukkan ƙarfinka, akuya ta wuce ka tana tafiyar ƙasaita. Akwai inda iska za ta tare ka a kwana, kana gangara amma sai ka taka. Da rana dutse ya gasa ka, da asuba ruwan alwala ya yanke maka hannu. Manyan motocin da ke ɗebo duwatsu su wuce ka da taku ɗaya, iskarsu ta kusa jefa ka rami. Wata shekara suka shimfiɗa tabarma a cikin busasshen kwari, wani tsoho makiyayi ya zo yana yi musu ihu da sanda, suka koma tudu suna gunaguni. Kafin gari ya waye ruwa ya sauko daga inda ba su ga hadari ba, ya share wurin tas. Wata shekarar akuyoyi suka cinye musu burodi har da ledar.

"To me ake samu?" na tambaye shi.

Ya ce, "A Deira kowa na kiran sunana. A can babu mai kira sai numfashina. Kuma hawa na ƙafa ne, gangara ta hankali ce. Duk wanda dutse ya kayar, a gangara ya kayar da shi, lokacin da ya ɗauka ya gama."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, dutsen Jais, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar nan. Bai taɓa kaiwa ƙarshen hanyarsa ba. Karon farko saura kaɗan, ya waiga bai ga Baban Zango ba. Ya juya ya gangara, ya same shi kwance a gefen titi, jijiyoyin cinyarsa sun ɗaure, yana kuka kamar yaro. Baban Zango ya ce masa ya je ya ƙarasa, zai jira. Kawu ya ce ba a barin na baya. Ya zauna yana matsa masa ƙafa har rana ta yi sanyi, suka sauko tare. Da suka koma wata shekarar, an rufe hanya saboda ruwan sama.

Bara kuwa, Baban Zango ne ya kira ni. Kawu ya faɗi. Ni da maigidana muka kama hanya, muka same shi a asibiti, an liƙa masa wayoyi a ƙirji. Likita ya ce zuciya ce, ya ce tafiyar ƙasa a hankali ba laifi, amma hawan dutse khalas, ya ƙare. Kawu ya saurara da ladabi, ya yi godiya. Muna shiga mota ya ce, "Kwana biyu kacal suka rage mini, ina hango wurin da idona. Baɗi in Allah ya kai mu."

Na ce, "Baɗin wa? Wallahi Kawu ba da ni ba."

Na yi lallashi, na yi kuka, na haɗa shi da limamin masallacinsu. Na ce mu kai shi da mota ya ga ƙolin ya huta. Ya ce wanda aka kai da mota ya ga wurin ne, bai je ba. Da zafi ya fara sauka na tarar da shi a ƙarƙashin matakala yana sa wa Dattijo sababbin robobin birki, yana 'yar waƙarsa. A ranar na kira Yaya, babban ɗansa da ke Kano. Yaya ya ce, "Ki ɗauke keken kawai. Ki turo mini shi nan. Gara ya yi fushi yana raye." Maigidana ya ce rigakafi ya fi magani. Kowa ya ba da baki, amma hannun nawa ne.

Ranar Juma'a, yana masallaci, na zo da mai a-kori-kura. Na sa ya datse sarƙar da almakashin ƙarfe don a ce ɓarawo ne. Ban kai keken siton da Kawu yake zama ba, na kai wani can daban inda nake da kaya za a rufe kwantena washegari. Na lulluɓe shi da tsohon bargo, na nannaɗe da salatif, na sa aka cusa tsakanin katan-katan na takalma. Ko iskar taya ban rage ba.

Da yamma na je na same shi tsaye a gaban yankakkiyar sarƙar. Na buɗe baki na ce, "Kawu, ɓarayi ne. Garin nan ma ya lalace."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To. Kin ci abinci?"

Shi ke nan. Bai kai ƙara ba, bai tambayi tela ko ya ga wani ba. Na yi zaton zai sayi wani keken, har na shirya faɗan da za mu yi. Bai saya ba. Baban Zango ya kawo masa nasa aro, ya ce a'a. Lokacin tafiya ya zo ya wuce, sanyin Dubai mai daɗi ya shigo, Kawu yana kujerar roba a bakin taga. Ya daina zuwa sito sai jefi-jefi. Ya daina tsokanata. Cinyoyin nan da suka hau Mambila suka zube, wando ya yi masa yawa. Idan na kawo tuwo ya ci loma biyu ya ce alhamdulillahi.

Ina gani fa. Kada wani ya ce ban gani ba. Sau da yawa na hau matakalar nan da niyyar in faɗa masa, in na iso sai in ce bari sanyi ya wuce tukuna, lokacin hawa ya fita, sannan in sa a dawo da keken. Ina ce wa kaina ai yana raye, abin da muke so ke nan. Kwantenar kuma ta maƙale a tashar Legas, kamar yadda suka saba.

Na san ajali ba ya jiran keke, ba ya jiran kujera. Malamai sun faɗa mini, ni ma na faɗa wa wasu a gidajen makoki. Da ya hau dutsen, wataƙila a can zai cika, in zauna ina cizon yatsa cewa ban hana ba. Duk na sani. Amma ranar ba tawa ba ce da zan tsare, watannin da suka gabace ta kuwa nasa ne, kuma ni na ɗauke masa su. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ke cina ke nan, kuma ba na son a rarrashe ni a kai.

Ranar sadakar arba'in mun taru a ɗakinsa, an yi addu'a, ana raba waina. A ranar ma Baban Zango a bakin ƙofa ya tsaya. Sai ga kiran bidiyo daga Yaya. Kaya sun iso Kano, yana sito ana saukewa.

"Ga keken Baba," ya ce, muryarsa a dushe. "Amma ke, yaushe kika iya ɗauri haka?"

Ya juya wayar. Babu bargo, babu salatif. Fedoji a ɗaure a ƙarƙashin sirdi. Kan keken a juye. Tayoyi a sassauce. An naɗe sarƙar keken da shuɗin yadi, na gane shi nan take, hannun tsohuwar rigar da na ɗinka masa wata Sallah ne. A jikin kariyar ɗaukar kaya ta baya ga famfonsa da 'yar jakar kayan facinsa, waɗanda ban taɓa ba, a ɗakinsa na bar su. Kowane ɗauri da robar taya, kowane da ƙulli mai kunne ɗaya.

Na zauna a ƙasa. Baban Zango ya matso ya leƙa wayar, ya gyaɗa kai.

"Ni na riƙe masa sirdi yana ɗaurewa," ya ce. "Yaran siton nan duk sun san Dattijo. Kina fita suka kira shi. Da asubar Asabar muka je, kafin a rufe."

Na ce, "Ya sani? Tun kafin in ce masa ɓarayi ne?"

"Tun kafin."

"To don me bai hana ba? Kalma ɗaya zai faɗa su sauke masa!"

"Na faɗa masa haka. Na ce, chale, abokina, ɗauki kayanka mu tafi. Ya ce a'a. Ya ce yarinyar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, tsoron da ya kai ta ga wannan ba ƙarami ba ne. In na karɓe, duk ranar da na fita ba za ta runtsa ba." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Ya ce ba a barin na baya. Amma Dattijo ba zai shiga teku a salatif ba."

A cikin wayar na ga Yaya ya kai hannu zai kama kunnen ƙullin da ke ƙarƙashin sirdi.

Na daka masa tsawa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. "Kada ka ja! Yaya, don girman Allah kada ka ja."

Ya janye hannunsa. Dattijo yana can a zauren gidanmu na Fagge, jingine da bango, a ɗaure yadda Kawu ya bar shi. Yara sun san ba a taɓawa.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa Fatiha ɗaya ga dattijon da ya ɗaure kayan mutane da amana, bai bar na baya ba ko sau ɗaya. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sassauta masa hawan da ke gaba, ya sa wannan karon ya kai ƙarshe. Ni kuma Allah ya yafe mini. Kawu dai ya riga ya yafe, tun ban roƙa ba, kuma wannan ne na kasa ɗauka.